Ya ga 21 a inda kowa ke ganin 74: yadda ta kasance da ɗan Addata da burin tuƙin jirgin soja

Wannan labarin na ɗan Addata ne, wato yayata, kuma sai da na nemi izininsa kafin in rubuta, yace Kawu rubuta amma dan Allah kar ka sa sunana. Toh dama a gida ba mai kiran sunan nasa, sunan mahaifinmu aka sa masa Allah ya jiƙansa, Adda tana ce masa Babana, mu kuma sauran muna cewa Mai-suna. Haka zan riƙa kiransa a nan.

Duk wanda ya tashi a Garwa ya san ƙarar jirgin soja. Sansanin sojan sama na 301 yana nan jikin filin jirginmu, kuma nan ne gidan Alpha Jet ɗin nan masu kujera biyu da Faransa da Jamus suka ƙera tare, waɗanda Kamaru ta saya tun shekarun 1980. Mu da muka saba ko ɗaga kai ba ma yi, amma shi Mai-suna tun yana ɗan ƙanƙani in ya ji ƙarar sai ya watsar da kwanon abinci ya fita tsakar gida. A 2015 da Amurka ta kawo sojojinta kusan 300 Garwa saboda yaƙin Boko Haram, lokacin bai fi shekara 9 ba, wallahi yaron nan ya hana mu sakat da tambaya, wai jirgin da ba matuƙi a ciki wa ke riƙe da sitiyarinsa. Muna ta dariya muna cewa zai bari in ya girma, har ya kai liise, wato sakandare, ya zaɓi layin C na lissafi da fizik bai bari ba, ya ci porobatuwar, jarrabawar da ake yi kafin shiga ajin ƙarshe, ranar da sakamako ya fito ya zo shagona ya zauna yace Kawu ni fa da gaske nake.

Ni aikina buga takardu ne da fotokofi, rabin dosiyen konkur na yaran unguwarmu, wato takardun neman shiga jarrabawar ɗaukar aiki ko makaranta, ta hannuna suke bi, shi ya sa aka ɗora min maganar. Abin da na sani a lokacin kaɗan ne, cewa hanyar zama hafsa ita ce makarantar horar da hafsoshin soja ta EMIA da ke Yawunde, akwai jarrabawar rubutu akwai ta motsa jiki akwai awon lafiya, kuma wanda zai tuƙa jirgi awonsa daban ne ya fi na kowa tsanani. Sai na kai shi wurin wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aikin jinya a soja har ya yi ritaya, kowa Majo yake ce masa, mutum ne mai faɗa amma mai kirki.

Majo ya ɗauko takarda ya rubuta haruffa bakwai, SIGYCOP. Yace wannan tsarin sojan Faransa ne na auna jikin mutum, shi ma da shi aka koyar da shi. S hannuwa da kafaɗu, I ƙafafu, G lafiyar jiki gaba ɗaya, Y idanu, C ganin launi, O kunne, P kuma hankali da ɗabi'a. Kowane harafi ana ba shi lamba, ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Ya riƙa binsu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar yaron, ka taɓa karaya, kana farfaɗiya, kana fuka, kunnenka ya taɓa zubar da ruwa, ka taɓa suma. Da ya zo kan C sai ya nuna bokitin alwalarsa yace wannan wace kala ce, Mai-suna yace shuɗi, ya nuna hular kansa yace wannan fa, yace ja. Majo yace shikenan wannan ba matsala, ya ja layi a kai ya wuce. Ina zaune a wurin, ni ma na gyaɗa kai. Ban ƙara tuna harafin nan ba sai bayan kusan shekara biyu.

Abin da ya tayar wa Majo hankali G ne. Yaron dogo ne siriri kamar sillen kara, mita 1 da 83 amma kilo 54 kacal, ga shi tsawon nasa duk a ƙafa yake. Nan ne na fara jin cewa tsawo kaɗai ba shi ne magana ba a wurin matuƙin jirgin yaƙi, ana auna tsawonka a zaune daga mazaunai zuwa tsakar kai, ana auna tsawon cinya daga mazaunai zuwa gwiwa, ana auna inda hannunka ke kaiwa. Dalili kuwa kujerar nan ce da ke cilla matuƙi waje in jirgi ya lalace, irin ta kamfanin Martin-Baker na Ingila, wadda ke fita da ƙarfin roka cikin ƙiftawar ido. In cinyarka ta cika tsawo gwiwarka za ta iya dukan allon gaban jirgin wajen fita, in kuma ba ka da nauyi kujerar za ta fizge ka da ƙarfin da ya wuce wanda ƙashin bayanka zai ɗauka, don an yi ta ne da lissafin wani nauyi daga kaza zuwa kaza. Shi ya sa ma suke ɗaukar hoton ƙashin baya, wanda mu nan muke ce wa radiyo, su duba ko akwai lanƙwasa. Majo ya zaunar da shi a kan benci ya jingina shi da bango ya auna da tef ɗin tela, ya yi ɗan tsaki yace cinyar nan tana bakin iyaka a ganina amma ko ba ta shiga jirgin yaƙi ba akwai jirgin ɗaukar kaya akwai helikwafta, ku je ku nemo masa nama a jiki tukuna.

Toh daga nan aka shiga hidima, ba a fafe gora ranar tafiya. Adda ta ɗaura ɗamara, kunun gyaɗa da safe, ƙwai biyu, wake, kindirmo daga wurin wata Bafillatana da ke kawo mata, kifin Lagdo in an samu, har mijinta ya fara ƙorafi wai a gidan nan mutum ɗaya ne ke cin abinci sauran kallo suke. Shi kuma bayan sallar asuba yana fita gudu wajen filin ƙwallo na Rumde Ajiya kafin rana ta buɗe, don wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san zafi na wuce 40, ba mai gudu da hantsi sai mai neman ajalinsa. Ya kafa ƙarfe tsakanin dalbejiya biyu yana jan jikinsa sama, ranar farko uku ya yi ya faɗo ƙannensa suna masa ihu, kafin shekara ta zagayo yana yin goma sha biyar. Majo ya sa shi ya ƙara da motsa cinya da ciki, yace in jirgi ya yi kwana da gudu nauyin jikinka na ninkuwa sau biyar sau shida ko fiye, jini ya gudu daga kai ya taru a ƙafafu, ido ya fara dishi-dishi sai gani ya ɗauke sai suma, kuma abin da ke tare jinin shi ne ka ɗaure tsokar ƙafa da ta ciki tamau kana fizgar numfashi, ban da wandon da suke sawa mai kumbura ya matse ƙafa. Ni dai ina jinsu ne kawai, ni da ko lilon sallah ke sa ni jiri.

A wurin gudun ne wani abokinsa ya miƙa masa tiramol wai yana hana gajiya. Allah ya sa ya zo ya faɗa min. Majo da ya ji sai da ya kusa marinsa duk da bai sha ba, yace ana gani a fitsari, kuma yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wanda ya taɓa faɗuwa sau ɗaya kuwa ya yi sallama da jirgi.

Sai gwaje-gwajen jini, kuma gaskiya nan ne duk tsoronmu ya tattaru. A dangin mijin Adda akwai sikila, direpano kamar yadda ake cewa a asibitocinmu, sun rasa yarinya ɗaya da ita. Mai-suna bai taɓa ciwon ƙashi ba don haka mun san ba SS bane, amma AS fa? Mai AS lafiyarsa lau a ƙasa, da yawa har su tsufa ba su sani ba, sai dai a sama inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci jinin na iya lanƙwashewa ya toshe a saifa, shi ya sa likitocin jirgi ke sa ido a kai sosai. Daga wajen mita 3,000 ake fara buƙatar ƙarin iska in jirgin ba mai matse iska a ciki bane. Kwana huɗun da muka yi muna jiran sakamakon labo Adda ba ta yi barcin kirki ba, har sadakar ƙosai ta yi. Ya fito AA. Ranar mun yi murna kamar an riga an ɗaura masa anini. Ciwon hanta na B ma babu, aka fara masa rigakafi allura uku cikin wata shida.

Fitsari ne ya ɗan ba mu mamaki, aka ga jini kaɗan wanda ido ba ya gani, ashe tsargiya ce ta wankan kogin Binuwai da suke zuwa tun suna yara. Ƙwayar farazikantel aka ba shi daidai nauyinsa, bayan wasu makonni aka sake gwadawa ya fita tas. Haƙori ɗaya na matauna yana da rami aka cike, don wai iskar da ta maƙale a ramin haƙori tana kumbura in aka yi sama, a wajen mita 5,500 nauyin iska rabin na ƙasa ne, kaga abin da ke ciki zai nemi ninkuwa, ciwon kuwa sai wanda ya ji. Kunne kuma yaron yana taya wani baffansa aikin injin niƙa ranar Asabar da Lahadi, nan take Majo ya hana, yace ƙarar inji a hankali take cinye jin siririyar murya ba ka sani ba sai an sa maka abin kunne a ɗakin gwaji. Ya kuma ƙwace masa abin sauraren waƙa na kunne. Ido kuwa, an tsayar da shi gaban allon haruffa ya karanta har layin ƙarshe, 10 bisa 10 dama da hagu. Muka ce alhamdulillahi ido ya wuce. A lissafinmu Y da C duk ido ne, an gama.

Ya ci bak, jarrabawar kammala sakandare. Nauyi ya kai kilo 63. Na haɗa masa dosiye da hannuna, takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, ta rashin laifi, hotuna, tambura, komai. Muka hau mota zuwa Ngaundere muka kwana a jirgin ƙasa muka wayi gari a Yawunde, muka sauka a Birketeri wurin wani ɗan'uwanmu mai sayar da yadi. A masallacin unguwar ne aka haɗa mu da wani bawan Allah ɗan arewa da ke aikin gyaran jirgi a soja, ya saurari duk abin da muka yi yace kun yi ƙoƙari, amma an nuna masa littafin ɗige-ɗige? Nace wane littafi kuma? Yace kafin ku kashe ko dala a kan wani abu ku kai shi wurin likitan ido ku ce a gwada launi.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sake gwada haruffa ya karanta tsaf, ta leƙa cikin idon da fitila tace lafiya lau. Sai ta jawo wani ɗan littafi, kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige masu launi kamar an zubar da duwatsun wuya a faranti, a cikinsu akwai lamba. Littafin Ishihara ake ce masa, sunan likitan Japan da ya fito da shi a 1917, cikakkensa shafi 38 ne. Tace daƙiƙa uku kowane shafi, abin da ka gani kawai za ka faɗa. Shafin farko yace 12, daidai, har na saki ajiyar zuciya, ashe wannan kowa na ganinsa, an sa shi ne don a tabbatar mutum ya gane wasan. Shafi na biyu ina tsaye a bayansa ina ganin 8 ɓaro-ɓaro, yaron nan yace 3. Na ɗauka zolaya yake. Aka buɗe wani ina ganin 29 yace 70. Aka buɗe mai 74 yace 21 da ƙarfin gwiwarsa, ba ko shakka a muryarsa. Wasu shafukan yace ba komai a ciki ɗige ne kawai. Akwai ma wanda ni ban ga komai ba shi ya karanto lamba. Wallahi ji nayi kamar an zare min laka, nace Mai-suna ka nutsu mana ka duba da kyau, likitar ta ɗaga min hannu tace Alhaji ba rashin nutsuwa bane, abin da idonsa ya ba shi yake faɗa.

Ta zaunar da mu ta yi bayani, kuma zan faɗe shi yadda na gane don na yi ta bibiya bayan nan. A bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri uku masu karɓar launi, ɗaya ta fi jin ɓangaren ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi, ƙwaƙwalwa ke haɗa saƙonsu ta fitar da kala. Shi tasa ta kore ce ba ta aiki yadda ya kamata, don haka ja da kore da ruwan ƙasa da ruwan goro suna shige wa juna, musamman in abin ƙarami ne ko yana nesa ko haske ya yi ƙasa. Shuɗi da rawaya kuwa garau yake ganinsu, kaga dalilin da bokitin Majo bai kama shi ba, jar dara kuma babba ce a gabansa da rana tsaka, kuma wa bai san dara ja ce ba. Da faransanci daltonizim suke cewa, daga sunan Jon Dalton, wani masanin kimiyya ɗan Ingila da ya fara bayyana abin a kan idonsa shi kansa. A Turawa kusan namiji 1 cikin 12 yana da shi, mace 1 cikin 200, a cikinmu baƙar fata bai kai haka yawa ba amma akwai. Haihuwarsa ake yi da shi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ba magani ba tiyata ba tabarau da zai mayar da shi daidai.

Nace toh likita mutumin da ke karanta ƙananan haruffa daga nesa fiye da ni, don kala kawai? Tace ka taɓa kallon jirgi da dare? Fiffiken hagu jar fitila, na dama kore, wutsiya fara. In matuƙi ya hango ja a damarsa kore a hagunsa ya san wancan jirgin kansa ya nufo, kuma ba shi da lokacin tunani. Gefen titin sauka akwai fitilu huɗu a jere, biyu fari biyu ja kana daidai, duk fari ka yi sama da yawa, duk ja ka yi ƙasa da yawa kana neman dukan ƙasa kafin titi. In rediyo ta mutu hasumiya da fitila za ta yi maka magana, kore ka sauka, ja ka dakata ka ci gaba da zagaye. Cikin jirgin kansa gargaɗi kala-kala ne, taswira kala-kala ce, hayaƙin da sojan ƙasa ke tayarwa don nuna inda suke shi ma da kalarsa. Ban sake cewa komai ba.

Ta ƙara masa wani gwajin na jera ƙananan murafai masu launi bi da bi, nan ma ya hargitsa su ta hanyar da tace irin ta masu matsalar kore ce kuma tasa ba 'yar kaɗan bace. Tace a tsarin Faransa wanda ya faɗi a littafin ana kai shi gaban wata fitila da ake kira fitilar Ben, a ɗaki mai duhu a riƙa haska masa ɗan ɗigon haske ja ko kore ko fari daga nesa yana faɗa, masu ƙaramar matsala wasu na tsallakewa, amma ita ba za ta yaudare mu ba, da abin da ta gani ba ta sa masa rai. Tace likitocin soja su ke da hukuncin ƙarshe, amma maganar tuƙi ku cire ta.

Abin da ya biyo baya a daren nan shi ne ɓangaren da nake jin kunyarsa. Muna komawa masauki labari ya bazu, kafin isha'i wani ya zo yace ai wannan ba komai bane, littafin yana intanet, shafi 38 ne kawai yaron da ya haddace lissafin bak zai kasa haddace wannan? Wani yace akwai gilashin ido na mannawa mai ja-ja da ake sawa a ido ɗaya. Wani kuma ya ja ni gefe yace ya san wanda ya san wani, in akwai jaka ɗari biyar za a san yadda za a yi da takardar. Kuma wallahi ni da nake rubutun nan sai da na buɗe wayata na sauke hotunan shafukan, na zauna ina tsara yadda zai gane kowane shafi da tsarin ɗigensa. Shekara biyu fa, ga kuɗin da aka kashe, ga Adda tana ta kira tana tambaya ya ake ciki.

Mutumin nan mai gyaran jirgi shi ya dawo da ni hanya, kuma ba da wa'azi ba. Yace Malam ba a jere ake buɗe shafukan ba, likita na iya tsallakawa ya dawo ya juya, gilashin mannawa kuwa da fitilar farko za a gan shi. Yace ka ɗauka ma ya wuce, matuƙi ba sau ɗaya ake auna shi ba, duk tsawon aikinsa ana maimaitawa, in kuma aka tura shi horo wata ƙasa can ma sai sun sake nasu awon daga farko, a dawo da shi bayan an kashe masa kuɗin gwamnati da sunan maƙaryaci a dosiyensa. Sai ya juya wurin yaron yace kai kuma ɗana, in ka ɗauko mutum arba'in da dare kana ganin fitilun nan huɗu ba ka tabbatar ba, Kawunka za ka kira? Mai-suna bai ce uffan ba. Can cikin dare na ji motsinsa, yana zaune da wayata yana kallon shafin 74 ɗin nan, yace Kawu da gaske akwai bakwai a nan? Nace akwai. Yace nuna min. Na bi ta da yatsa, ya daɗe yana kallo yace ni ban ganta ba. Da safe shi da kansa ya goge hotunan.

A jirgin ƙasa muna dawowa sai abubuwa suka riƙa faɗo min ɗaya bayan ɗaya. Yaron da in an aike shi tumatir sai ya haɗo da ɗanye Adda ta yi ta faɗa wai wasa ya tsaya. Yaron da ke latsa mangwaro ya shinshina kafin ya tsinka, muna cewa iyayi ne. Cajar fitilar gida da ke nuna ja in tana caji kore in ta cika, kullum sai ya tambayi ƙanwarsa ta cika? A firamare ya taɓa shafa wa ganyen bishiya ruwan ƙasa malamin ya rubuta masa ya daina shiririta. Tutar Kamaru kuwa kore ja rawaya, ya san jerin tun yana aji ɗaya ba sai ya gani ba, danja kuma ta sama tsaya ta ƙasa wuce. Ya rayu shekara 18 yana cike giɓin da wayo shi kansa bai san yana yi ba. Mu kuma Hausawa ba mu cika tsananta wa sunan kala ba, mutum yace ja-ja ko wani iri-iri haka a wuce wurin.

Ni a ganina ba laifin Majo bane shi kaɗai, ya yi iya abin da ya sani kuma kyauta ya yi. Mu ne muka jera abin a bai-bai. Nauyi, gudu, haƙori, tsargiya, duk abubuwa ne da ke gyaruwa, su muka ba shekara biyu. Waɗanda ba sa gyaruwa, launi da nau'in jini da tsawon ƙashi da lanƙwasar baya, su ya kamata a fara dubawa a mako guda tun yaron yana aji na sakand, shekara biyu kafin ajin ƙarshe, kafin a bar shi ya gina rayuwarsa a kai. Mun duba uku mun bar ɗaya, kuma wanda muka bari ɗin gwajinsa bai kai minti biyar ba.

Gida kuwa an sha kallo. Adda ta fara da kwalli da zuma da ruwan karas, wata ta kawo mata rubutu a wanke masa ido, ban hana ta ba don na san ba idon take wa magani ba zuciyarta take lallashi. Mijinta da na yi masa bayanin cewa abin ta wurin uwa yake biyowa sai ya samu abin faɗa, kwana biyu yana cewa ai ga shi nan daga gidanku ne. Kuma gaskiyarsa ne ko da bai faɗa da daɗi ba. Ƙwayar gadon tana kan abin da ake kira X, namiji guda ɗaya gare shi kuma daga uwarsa yake samu, mace biyu gare ta don haka in ɗaya ta samu matsala ɗayar na rufa mata asiri. Namiji mai abin ba ya ba ɗansa namiji, amma duk 'ya'yansa mata suna ɗauka su ajiye, kowane ɗa namiji da suka haifa kuma rabi da rabi ne. Na gwada sauran yaran Adda da littafin wani mai sayar da tabarau a nan Garwa, ƙanensa mai bi masa ya karanta 74 tun kafin a gama buɗe shafin, shi kuma ko a jikinsa, burinsa shagon kayan moto.

Mai-suna ya yi wata biyu ba ya fita, in jirgi ya wuce sai ya shige ɗaki. Ya ƙi maganar soja gaba ɗaya, na ce a gwada wani ɓangaren yace shi ba kaki yake so ba. Na kawo maganar gyaran jirgi ko aikin hasumiya, mutuminmu na Yawunde yace a waya kar ku sake yin kuskure na biyu, wayoyin lantarki da fitilun hasumiya su ma kala ne. Yanzu dai yana Marwa yana karatun injiniyan gine-gine, kuma bai bar gudun asuba ba, kilo 66 yake da shi.

Saura tambaya ɗaya da ta tsaya min, in daga wurin Adda ne toh ita daga ina? Mahaifinmu maɗinkin hannu ne, shekara fiye da arba'in yana aikin babbar riga da hula, aska biyu aska takwas, mutane har daga Gidar suke kawo masa, ta yaya mai wannan sana'a zai kasa raba ja da kore. Sai na je wurin Inna, tana nan da ranta ta haura tamanin, na zauna na yi mata bayani a hankali kamar yadda likita ta yi min. Ba ta bari na gama ba tace wa jikanyarta ɗauko min gwangwanin Malam a ƙarƙashin gado. Tsohon gwangwanin alewa ne, cike da ragowar zarensa. Kowane ƙullin zare an ɗaure masa ɗan ƙyalle a baki, wani ƙulli ɗaya, wani biyu, wani uku.

Tace ɗaya ja, biyu algashi, uku ruwan ƙasa. Tace tun watan farko na aurenmu na gane, ranar da ya yi wa wani bafade aiki da zaren da ba shi aka ce ba aka dawo masa da rigar, daga nan duk zaren da ya sayo ni ke ɗaure masa da dare, ba wanda ya sani har ya koma ga Allah.

Nace Inna shekara biyu muna ta fama da yaron nan, kina gani ana ta kai shi asibiti ana dawowa.

Tace yo ni kun ce min jirgi zai tuƙa, wa ya ce min da zare a ciki?